Ra'ayinmu: Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi

Ƴan uwa masu karatu, musamman ƴan kasuwa maza da mata, yau za mu tattauna wata magana wadda a jin farko za a ce ba ta shafe mu ba. A wasu gidajen wasan kwaikwayo na Turai da Japan an soma ɗora mutum-mutumin inji, wanda ake kira robot, a kan dandali yana fitowa a matsayin ma'aikaci. A wasu wuraren kuma ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai iya tsara magana da zana hoto da kwaikwayon murya, ita ake ba aikin rubuta wasan. Abin da ya ja hankalinmu shi ne da yawa daga cikin waɗannan wasanni zancen aiki suke yi: wa ke yin sa, wa ke cin moriyarsa, wa aka sallama. Mai sayar da tumatir a Katako ko mai awon hatsi a Kasuwar Dole na iya cewa ina ruwan biri da gada. Muna roƙon a saurare mu har ƙarshe, domin zancen zai biyo ta ƙofar rumfar kowa.

Matsayin wannan jarida shi ne ba mu ga laifin shigo da inji cikin wasa ba, kamar yadda ba mu ga laifin lasifika ko fitilar lantarki a dandali ba. Inda muke jan kunne shi ne wurin ba da labarin wahalar da mutane suka sha wajen neman abinci. Wannan labari shaida ce, kuma ko a gaban alƙali ko a gaban sarkin kasuwa, sai an tambayi mai shaida ko shi wane ne da inda ya samo maganarsa. In har za a bar inji ya yi magana da bakin ɗan dako ko masaƙi ko mai dakau, to dole a san wanda ya sa masa maganar a baki, da wanda aka tambaya, da wanda aka biya.

Mu fara da kalmar kanta. A shekarar 1920 wani marubuci ɗan ƙasar Cek mai suna Karel Capek ya wallafa wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., aka nuna shi a babban gidan wasa na ƙasa da ke birnin Prag ranar 25 ga Janairu 1921. Labarin wata masana'anta ce a wani tsibiri inda ake ƙera ma'aikata masu siffar mutum, ba su neman albashi, ba su da iyali, ba su ƙorafi, ana sayar da su ga duniya da araha. Daga ƙarshe suka yi bore suka hallaka ƴan Adam, suka bar mutum ɗaya tak, wani magini, domin sun ga shi ma da hannunsa yake aiki kamar su. Da Capek ya rasa sunan da zai ba waɗannan halittu, sai yayansa Josef, mai zane, ya ba shi shawarar ya kira su robot. An ɗauko sunan daga kalmar robota, wadda a harshensu take nufin aikin dole da talaka ke yi a gonar mai ƙasa, kwana kaza, ba lada. Sai a 1848 aka soke wannan aiki a daular Ostiriya, wadda ke mulkin ƙasar Cek a lokacin.

Duk ɗan Nijar da ya taɓa zama da kakansa ya san robota ko da bai taɓa jin kalmar ba. Zamanin mulkin Faransa, kumandan kan aika wa sarki ko mai gari da adadin mutanen da yake so, a tattaro su a kai su gyaran hanya da ginin gidajen gwamnati da ɗaukar kaya a ka. Wanda ya ƙi, doka ta ba kumandan ikon ya ɗaure shi ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka kafa dokar da ta hana aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka, dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, wanda ya gabatar da ita a majalisa. Wato ke nan, sunan da aka ba inji a Prag an aro shi ne daga halin da kakanninmu ma suka shiga: mutumin da ake sa wa aiki, ba ya da lada, ba ya da ikon cewa a'a. Saboda haka in ana zancen robot da tarihin aiki, muna da bakin magana.

Yanzu mu duba abin da ake yi a dandalin, mu fara da mai kyau. A shekarar 2008, a jami'ar Osaka ta ƙasar Japan, marubuci Oriza Hirata tare da masanin inji Hiroshi Ishiguro suka nuna wani gajeren wasa na kamar minti 20 mai suna Hataraku Watashi, ma'ana ni mai aiki. Ƴan wasan huɗu ne: miji da mata, waɗanda mutane ne, da robot biyu masu launin rawaya ƙirar kamfanin Mitsubishi, kowanne tsawonsa kamar mita 1, suna yi wa gidan hidima. Maigidan ya daina fita aiki, yana zaune a gida zuciya ta mutu. Ana nan sai ɗaya daga cikin robot ɗin shi ma ya ce sha'awar aiki ta fita daga ransa. Ga abin da aka ƙera don aiki kawai ya kasa aiki, ga mutumin da jama'a ke auna darajarsa da aiki shi ma ya kasa. Tambayar da aka bar wa ƴan kallo ita ce, in aka cire aiki me ya rage wa mutum? A ƙasa irin Japan, inda har kalma gare su ta musamman, karoshi, ga mutuwa saboda yawan aiki, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Mun yaba wa wannan wasa saboda ba a yaudari kowa ba. Injin ya fito a matsayin inji, kowa ya san mutane ne suka tsara masa kowane motsi da kowace kalma tun kafin a buɗe labule. Haka ma a 2018, a birnin Munik na Jamus, ƙungiyar wasa ta Rimini Protokoll ta ƙera mutum-mutumi mai kama da marubuci Thomas Melle, aka zaunar da shi a kujera yana yi wa jama'a jawabi a madadin mai shi. Melle yana da rai, shi ya yarda aka ɗauki siffar fuskarsa, da shi aka rubuta jawabin, kuma an bar ƙeyar mutum-mutumin a buɗe ana ganin wayoyi. An nemi izini, an nuna gaskiyar abin. Irin wannan ba mu da ja a kansa.

Da wasan R.U.R. ya cika shekara 100, masana daga jami'ar Charles da gidan wasan Svanda na Prag suka juya al'amarin: maimakon mutum ya rubuta wasa a kan robot, bari inji ya rubuta. Suka yi amfani da wata manhaja mai suna GPT-2, aka nuna wasan ta intanet ranar 26 ga Fabrairu 2021, domin annobar korona ta rufe gidajen kallo. Masu aikin sun ce kusan kashi 90 cikin 100 na maganganun inji ne ya fitar da su. To amma mutum ne ya ba injin mabuɗin kowace fitowa, mutum ne ya zauna yana tsince mai ma'ana yana zubar da shirme yana sa a sake, mutane ne kuma suka haddace suka hau dandali. Su da kansu sun faɗi cewa injin kan manta abin da ya ce ɗazu, ya saɓa wa kansa. Duk da haka, abin da ya zagaya duniya shi ne inji ya rubuta wasa. Sunan mai tsincewa kaɗan ne suka ji shi.

Wannan ɓoye mutum a bayan inji tsohuwar sana'a ce. A 1770, a birnin Biyana, wani mai suna Wolfgang von Kempelen ya nuna wa sarauniya Maria Theresa wani mutum-mutumi mai rawani irin na Turkawa, zaune a bayan akwati, yana buga darar Turawa yana cinye gwanaye. An yi shekaru da dama ana yawo da shi a Turai da Amurka ana karɓar kuɗin kallo. Ashe a cikin akwatin akwai gwanin dara a ƙudundune, yana aiki da hasken kyandir, shi ke motsa hannun. Wuta ta cinye mutum-mutumin a birnin Filadelfiya a 1854, amma dabarar ba ta ƙone ba. A 2005 kamfanin Amazon ya ɗauki sunansa ya sa wa wata kasuwar intanet, Mechanical Turk, inda ake raba wa mutane ƙananan ayyukan da kwamfuta ta kasa, a biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta yau ma da nata mutanen a cikin akwati, kuma wasunsu ƴan Afirka ne. A watan Janairu 2023 mujallar Time ta Amurka ta bayyana cewa wasu ma'aikata a Nairobi ta ƙasar Kenya, ƙarƙashin wani kamfani mai suna Sama, sun yi ta karanta dubban rubuce-rubuce na kisa da fyaɗe da cin zarafin yara, suna yi masu alama, domin a koya wa manhajar kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ta guji irin wannan magana. Abin da ke shiga aljihunsu bai wuce dalar Amurka 2 a awa ba, wato jaka ɗaya da ƴan kai na sefa a canjin lokacin. Mun san a kasuwarmu wani zai ce ai wannan kuɗi ne. Sai dai a auna shi da irin dukiyar da manhajar ta jawo wa masu ita, a kuma tuna cewa wasu daga cikin ma'aikatan sun shaida wa mujallar cewa abin da suka karanta ya taɓa masu hankali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wasan da zai ɗauko irin wannan inji don ya ba da tarihin ma'aikata, ya kuma yi shiru a kan waɗannan mutane, ya bar babi mafi sabo na tarihin a waje.

Shi kansa tarihin da ake son nunawa cike yake da wannan rigima. Daga 1811, masu saƙa a yankin Nottingham na Ingila, sannan na wasu yankunan arewacin ƙasar, suka riƙa shiga masana'antu da dare suna farfasa injinan saƙa da sunan wani jagora da suke kira Ned Ludd. A 1812 majalisa ta kafa dokar kisa ga mai fasa inji, kuma a Janairu 1813 aka rataye mutum 17 a garin York bayan shari'ar da aka yi masu kan wannan bore. Har yau Turawa na kiran wanda ke tsoron sabon abu da sunansu, alhali da yawansu gwanayen aiki da inji ne. Kukansu shi ne masu jari sun yi amfani da inji sun karya lada, sun ɗauki waɗanda ba su ƙware ba, sun cika kasuwa da kaya marasa ƙarko. Duk telar da ta ga yadda kayan gwanjo da ɗinkin waje suka rage mata ciniki za ta gane wannan kuka ba sai an fassara mata ba.

Bayan shekara sama da 200, ƴan wasa da kansu suka faɗa cikin irin wannan hali. A 2023 marubutan fim na Holiwud a Amurka suka shiga yajin aiki daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, kwana 148, ƴan wasa kuma daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamba, kwana 118. Ƙirƙirarriyar basira na cikin manyan abubuwan da aka yi taƙaddama a kai. Sandikar ƴan wasa ta ce kamfanoni na son su ɗauki siffar ƙananan ƴan wasa, masu cika taro a bayan jarumi, a biya su ladan kwana ɗaya, sannan a yi ta amfani da siffar har abada. Kamfanonin sun musanta cewa haka tayinsu yake. Ko ma dai yaya ne, yarjejeniyar da aka ƙulla ta ce ba za a ƙera kwafin ɗan wasa a yi aiki da shi ba sai da yardarsa da biyansa, kuma ba za a lissafa inji a matsayin marubuci ba. Babu wanda ya ba su wannan kyauta, sai da suka yi watanni ba albashi.

Mu dawo gida, domin muna da namu misalin yadda ake ba da labarin aiki a fim. A fim ɗin Moi, un Noir da Jean Rouch ya fitar a 1958, an nuna rayuwar samarin Nijar masu cin rani a unguwar Treichville ta Abijan. Jarumin fim ɗin, Oumarou Ganda, ba ɗan wasa ba ne a lokacin. Tsohon sojan Faransa ne da ya dawo daga yaƙin Indoshin, yana leburanci a tashar jiragen ruwa. An ɗauki hoton ba murya, daga baya aka zaunar da shi yana kallon kansa yana faɗin abin da ke ransa: yunwa, rashin kuɗi, burin da bai cika ba. Lebura ne ya ba da labarin lebura. Wannan mutum ya zama mai shirya fim, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, kuma cibiyar al'adu ta Yamai tana ɗauke da sunansa. Da a ce a wancan lokaci akwai injin da zai yi muryar lebura a kyauta, aka ga babu amfanin zaunar da Ganda, da ƙasar nan ta yi asarar da ba za ta ma san ta yi ba. Haka nan wasan kwaikwayon Hausa irin wanda Yazi Dogo da abokansa suka yi wa suna daga Damagaram, ƙarfinsa shi ne jama'a na ganin kansu da maƙwabtansu a ciki.

Ga inda matsalar take a gare mu. Ƙirƙirarriyar basira ba ta sanin komai sai abin da aka rubuta ko aka ɗauka a hoto aka zuba mata. Tarihin aikinmu kuwa yawancinsa ba a rubuce yake ba. Takardun zamanin Turawa sun adana sunan kumandan da tsawon hanyar da aka gina, ba su damu da sunan wanda ya ɗauki dutse ba. Zamanin gyaɗa, wanda ya gina Maraɗi ya kuma azurta alhazanta kafin farin 1973 da 1974 ya karya shi, takardun kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 za su gaya maka tan nawa aka saya. Ba za su gaya maka yadda wuyan mai ɗora buhu a kan mota yake ji da yamma ba, ko ƙarfe nawa mai ƙuliƙuli ke tashi don ta matse mai kafin a ci kasuwa. Haka labarin mutanen Adar da suka yi ta tafiya Abijan da Kumasi, da na matan da suka riƙe gida da sana'ar hannu har su dawo. Duk wannan yana cikin kan tsofaffi ne. Shi kuma injin, in ka tambaye shi abin da bai sani ba, ba koyaushe yake yin shiru ba. Sau da yawa sai ya harhaɗa maka magana mai daɗin ji, da suna da shekara, alhali babu ita.

Mu ɗauka gobe wani saurayi mai kwamfuta ya haɗa bidiyon wani tsoho mai furfura, da Hausa tsantsa, yana ba da labarin yadda aka kama shi aikin dole, har da kuka. Babu wannan tsoho a duniya, inji ne ya zana shi ya yi masa murya. Bidiyon ya shiga WhatsApp, ya kai Tawa ya kai Agadas kafin la'asar. In a ciki ya ambaci wani gari ya ce su ne suka sayar da ƴan uwansu, ko ya ambaci wani gidan sarauta, wa za a kama? In kuma ya nuna aikin dole kamar wani gayya ne da kiɗa da raha, wa zai ƙaryata, alhali wanda yake ɗan shekara 15 a 1946 yanzu ya haura 90, kuma kullum raguwa suke? Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa in jabu ta yi yawa a kasuwa, mai kaya na gaskiya ma sai ya sha wahalar sayarwa. Ranar da muryar kaka ta gaskiya ta fito, za a ce ita ma inji ce.

Za a iya yi mana gardama ta fuska biyu, kuma duka biyun suna da nauyi. Ta farko, ai ɗan wasa ma bai ɗauki dutse a 1940 ba, kwaikwayo yake, to me ya raba shi da inji? Amsarmu ita ce ɗan wasa sananne ne, yana da gida da dangi, kowa ya san wasa yake. In ya yi ƙarya a kan wani gari, za a tare shi a kasuwa a tambaye shi, ya ji kunya ko ya kare kansa. Kuma kafin ya hau dandali sai ya je ya durƙusa gaban tsoho ya tambaya, ta haka labarin ke ratsawa daga kaka zuwa jika. Inji ba ya jin kunya, ba a kuma iya tare shi. Gardama ta biyu ita ce kuɗi: ƙaramar ƙungiyar wasa a Tasawa ko Madawa ba ta da halin gina tashar gyaɗa ta 1960 ko tara mutum ɗari a fim, inji kuwa zai zana mata cikin dare ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a hana su ba. A zana tashar, a zana motocin, a gyara tsohuwar murya da ta dishe a kaset, a fassara wasan Hausa zuwa Zabarmanci ko Faransanci. Duk wannan hidima ce ga labarin. Iyaka dai kada a ƙirƙiro mai shaida.

Saboda haka muna ba da shawarar sharuɗɗa huɗu ga duk mai son haɗa inji da tarihin aiki, a dandali ne ko a rediyo ko a tele ko a waya. Na ɗaya, a faɗa a fili, da baki ba da rubutu kaɗai ba, domin da yawa daga masu kallo ba su karatu, cewa wannan murya ko wannan fuska inji ne ya yi ta. Na biyu, kada a kwaikwayi fuska ko muryar wani, mai rai ko mamaci, sai da yardarsa ko ta magadansa, kuma a biya. Na uku, duk abin da aka ce ya faru a faɗi daga bakin wa aka ji shi, a wane gari. Na huɗu, kada a yi wasa kan yadda aka zalunci ma'aikatan jiya alhali an kori ƴan wasa da makaɗa da masu fassara na yau don a rage kashe kuɗi. Wanda ya yi haka ya maimaita abin da yake zargi.

Me ya sa muke gaya wa ƴan kasuwa wannan, ba ƴan boko kaɗai ba? Domin kuɗin tallarku na cikin abin da ke riƙe da shirye-shiryen rediyo da tele masu zaman kansu, ku ake zuwa wa neman gudummawa in za a yi wasa ko biki, kuma a wayoyinku bidiyo ke yawo. Alhaji, in an zo maka da takardar neman tallafi, ka tambaya mutum nawa za su ci abinci a wannan aiki, kuma wa aka tambaya. Hajiya, in an turo miki bidiyon tsoho yana kuka, kafin ki tura wa ƴan adashe ki tambayi wanda ya turo ko ya san garin tsohon da sunan gidansu. Ku da ba ku sayen atamfa sai kun murza ta kun duba bakinta, kada ku karɓi tarihin iyayenku a rufe.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati. Kowace kasuwa tana da tsofaffinta: tsohon sarkin dako, tsohuwar mai fura da ta ga an tashi kasuwa daga wani wuri zuwa wani, direban da ya yi jigilar gyaɗa zuwa Kano. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. A nemi izininsu, a zauna da su bayan la'asar, a fara da faɗin sunansu da garinsu da ranar da aka ɗauka, a tambaye su nawa ake biya, wa ke biya, me ake ci, wa ya mutu a hanya. A ajiye kwafi a gida, a ba sandikar ƴan kasuwa kwafi, a nemi gidajen rediyon gari su riƙa sa wa a iska. A Yamai akwai cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da cibiyar IRSH ta jami'a, waɗanda tattara tarihin baka na cikin aikinsu, ya kamata su fito su karɓi wannan amana. A kuma yi hattara: abin da aka zuba a intanet kowa na iya kwasa, har da masu koya wa inji, don haka kada a sa muryar tsoho a can sai ya san ma'anar hakan ya yarda.

Kowace ranar 1 ga Mayu ma'aikatan albashi kan fito da tutocinsu. Muna fatan sandikoki su tuna cewa mai talla da ɗan dako da ɗan ga-ruwa su ma ma'aikata ne, a ba su fili a ranar su ba da labarinsu da bakinsu, a kira ƴan wasanmu su mai da shi wasa. In an ga dama a kawo inji ya taimaka da hoto da haske, muna maraba, in dai an gaya mana wanda ke cikin akwatin. Amma mu hanzarta, domin tsofaffin ba za su jira mu ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana dominmu, ya ba mu kasuwa mai albarka.